Takardar Korar Mai Tana

Shekara ashirin da shida mahaifina ya yi yana wanke kwalabe a ɗakin gwaji na wata cibiyar bincike, kuma da kalma ɗaya aka kore shi: ƙazanta. Ni ce autarsa, ni na karanta masa takardar a ranar, domin ya bar tabaraunsa a aljihun farar rigar aiki, rigar kuwa sun karɓe ta tun a bakin ƙofa.

Sai ka san Baba za ka gane girman wannan zagi. Mutum ne da in aka miƙa masa kofi sai ya ɗaga shi ga haske kafin ya kai baki. Mamarmu takan ce ita ba miji ta aura ba, dubagari ta aura. Muna yara, wanki uku yake sa mu yi wa cokali, ya kuma tsaya a kanmu yana kallo. A wurin aiki haka yake. Kwalbar da ta bi ta hannunsa, ruwa ba ya tsayawa a jikinta ɗigo-ɗigo, sai ya sauka bai ɗaya, kuma ya ce wannan ce shaidar an wanku.

Amma ba da wanki aka san shi a cibiyar ba. Mai Tana ake kiransa, tun daga mai gadi har shugaba, saboda shi ke kiwon tana, wato tsutsar nan ja mai santsi da ake tonowa a ƙasa mai danshi. Akwatunan katako goma sha biyu ne a wani ɗan ɗaki bayan ɗakin gwajin. Wata tsohuwar Farfesa ce ta fara aikin, ita ta koya masa. Tambayarta ɗaya ce: halittar da ke kwana cikin ruɓaɓɓen abu, ta ci shi, ta sha shi, ba ta da ƙashi ba ta da fata mai kauri, me ya hana ta ruɓewa?

Na sha zuwa kai masa abincin rana in tarar yana aikin, don haka na san yadda ake yi. Zai tsamo tana kamar hamsin, ya wanke su, ya shimfiɗa su kan jiƙaƙƙiyar takarda su kwana har cikinsu ya fita. Washegari ya taɓa su da wayoyi biyu na ƙaramin batir. Ba ya kashe su, firgita kawai suke yi, su fitar da wani ruwa rawaya mai ƙarni ta bayansu. Wannan ruwan ake tacewa, a ɗiga a tsakiyar wani ɗan faranti na gilashi da aka shuka ƙwayoyin cuta a kai. In gari ya waye, ƙwayoyin sun rufe farantin kamar hazo, sai dai kewaye da ɗigon za ka ga da'ira tas, babu komai. Ita ake aunawa da rula. In da'irar ta yi faɗi, ruwan ya yi kisa.

Baba ne ya lura da wani abu da ba a koya masa ba. In tanar ta daɗe cikin ƙasa mai sanyin hali, da'irar sai ta ƙanƙance. In kuwa ya zuba musu ɗanyen kashin shanu kwana uku kafin a tatsi ruwan, sai ta buɗe. Ya gwada kwana biyu, ya gwada biyar, ya dawo kan uku. Da ya gaya wa Farfesa ta ce ya ci gaba, za ta zauna ta rubuta. Ba ta zauna ba. Ciwon ido ya kama ta, ta yi ritaya, 'ya'yanta suka ɗauke ta zuwa wani gari mai nisa. Abin ya zauna a kan Baba da bokitinsa na kashin shanu, kuma babu wanda ya taɓa tambaya.

Sai wani mai bincike da ake kira Dokta ya gaji aikin. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya iya na'ura, ya iya magana a gaban manya. Amma bai taɓa sa hannu cikin akwatin tana ba, ko da safar hannu. Ruwan rawaya ake kawo masa a kwalba, shi ya ɗiga, ya auna, ya rubuta. Shekara huɗu yana rubutu da gumin Baba, sunansa yana tafiya, ana gayyatarsa taro. Ko ɗaya wannan bai dami Baba ba. Shi dai a bar shi da akwatunansa.

Ranar da abin ya faru, baƙi ne suka zo daga hukumar da ke ɗaukar nauyin binciken. Ba a gaya wa Baba ba, domin ba a gaya wa irinsu komai. Ya shigo ta dogon barandar nan da bokitinsa a rufe, kamar yadda ya saba kowace Litinin, sai ya yi kiciɓis da su a kwana. Wani daga cikin baƙin ya yi baya, ya bangaje shi, murfin ya faɗi. Ba wani abu mai yawa ya zube ba, amma ya sami takalmin wata mata, warin kuma ya cika wurin.

Mai sharar sashen, wadda ta girmi Baba kuma take shiri da Mamarmu, ita ta ba mu labarin dalla-dalla. Ta ce Dokta ya sa aka tara kowa a ɗakin gwaji, har ɗalibai, ya tsayar da Baba a tsakiya.

"Wannan me kake shigo mana da shi?"

"Ranka ya daɗe, na tanar ne. In ka ba ni dama in yi bayani…"

"Ban tambaye ka bayani ba. Tun yaushe kake wannan?"

"Kullum, kwana uku kafin gwaji. Ai dalilin…"

"Na ce ban tambaye ka ba! Ƙazamin banza. Kun gani ko? Irin mutanen da muke fama da su ke nan."

Mai shara ta ce daga nan Baba ya koma barandar. Ya durƙusa ya goge wa matar takalmi da hankicinsa, ya goge daɓen, ya fita da bokitin. Sati bai cika ba takardar ta fito, Dokta ne ya tsara ta da kansa, shugaba ya sa hannu.

Da na gama karanta masa ita a tsakar gida, Mama ta fashe da Allah ya isa, yayana ya ce sai ya je ya fasa wa mutumin gilashin mota. Ni kuwa na ce a kai ƙara. Baba ya karɓi takardar ya ninke ta huɗu. Ya ce, "Auta, sake karanta mini layi na uku." Na buɗe na sake karantawa. Sai na ga abin da ban taɓa gani a fuskarsa ba, wani ɗan murmushi mara daɗi.

"Ya ce bai tambaye ni ba," in ji shi. "To, zai tambaya."

Daga ranar bai ƙara ɗaga maganar ba. Ya samo tsofaffin durom guda biyu ya raba su gida biyu, ya jera a bayan ɗakinmu, ya fara kiwon tana a gida. Takin da suke yi yana kai wa masu sayar da furanni a bakin titi. Maƙwabta suka samu abin dariya. Wani mai gyaran babur da ke ƙofar gidanmu kullum sai ya tambaye shi ko garken ya tashi lafiya, ko an yi haihuwa. Baba ya ce masa lafiya lau, kuma su ba sa cin mai. Amma ni na san ba lafiya ba. Ya daina zama a majalisar ƙofar gida, domin an taɓa matsawa daga kusa da shi da wasa, an toshe hanci. Ya koma wanke hannu har fatar ta tsattsage. Takardar kuwa ya sa ta cikin leda, ya ajiye a gwangwanin da muke ajiye takardun haihuwa. Na sha kama shi da safe ya fito da ita yana kallo.

Labarin cibiya mai shara ke kawo mana, duk Asabar in ta zo wurin Mama. Dokta ya yi gyara na gani na faɗa. Ya sa aka ƙone akwatunan katako, aka sayo na roba farare. Ƙasar ma sai an turara ta a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta kafin a zuba. Abincin tanar kuwa wani gari ne mai tsabta da ake aunawa a sikeli. Aka ɗauko wani mai takardar shaida a madadin Baba, yana aiki da safar hannu da takunkumi. Ta ce ɗakin har ƙamshi yake yi, tanar sun yi ɓul-ɓul, sun yi kyau.

"Da'irar fa?" in ji Baba, yana gyara igiyar shanya kamar ba shi ya yi tambayar ba.

"Ni me na sani? Na dai ji ɗalibai suna cewa ta ƙanƙance."

Wata na gaba ta ce ta ƙara ƙanƙancewa. Bayan wata shida ta ce sai an sa gilashin ƙara girma ake ganinta. Wallahi ranar na ci abinci da yawa. Ba zan ɓoye ba, kowace Asabar jiran matar nan nake yi kamar mai jiran albishir. Dokta ya zargi ruwan famfo, ya koma na kwalba. Ya zargi batir. Ya zargi zafi, aka sa na'urar sanyaya ɗaki. Ya zargi ɗalibai, ya kori sabon ma'aikacin, ya ɗauko wani. Wasu masu bincike a wani wuri suka bi abin da ya rubuta ba su sami komai ba, suka aiko da wasiƙa suna tambaya cikin ladabi irin mai ciwo. Mai shara ta ce ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, yana yi wa kowa tsawa. Mama ta ce Allah ya ƙara. Baba bai ce amin ba, amma bai hana ta ba.

Na taɓa tambayarsa yadda mutum mai digiri uku zai kasa gano abin da ke gaban hancinsa. Ya ce, "Ai ba kasawa ya yi ba. Duk inda ya duba daidai ne, wuri ɗaya ne kawai ba zai duba ba, don in ya duba can sai ya gan ni." Ya ɗago wata tana a tafin hannunsa. "Wannan abar, in babu abokin gaba a kusa ba ta ɓata ƙarfinta wajen haɗa makami. Sai ta ji ƙwayoyin cuta sun taso mata tukuna. Shi kuwa ya sa su a otel."

Shekara biyu da 'yan watanni aka yi haka. Sai wata ɗaliba da ke neman kammala karatunta a ƙarƙashin Dokta, wadda ta zo bayan an kori Baba, ta ga wani mai furanni da takin tana, ta bi kwatance har gidanmu. Ta ce tana take so ta saya don gwaji. Baba ya dube ta, ya dubi durom na biyu, wanda ya zuba wa kashin shanu kwana biyu da suka wuce. Daga nan ya ɗebo mata. Bai ce mata komai ba, sai dai ta tatse su gobe, kada ta jira.

Kwana huɗu bayan haka mota ta tsaya a ƙofar gidanmu da hantsi. Ina kan keken ɗinki a zaure, ni na fara ganinsa. Da ƙyar na gane shi. Ya yi sallama da wata murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Malam yana ciki?"

Malam! Na ce masa a nan gidan Mai Tana muka sani. Na bar shi tsaye a rana na je na kira Baba, kuma ban yi sauri ba.

Baba ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa na kawo ruwa. Suka gaisa kamar babu komai, aka tambayi iyali, aka tambayi aiki. Sai Dokta ya fito da waya ya nuna hoton faranti, da'ira a tsakiya kamar bakin kofi.

"Malam, daga tanarka ne wannan. Na san akwai abin da kake ba su. Ko wani ganye ne, ko wani sassaƙe. Wata mai zuwa hukuma za ta zo duba aikin, in ba su ga komai ba za su rufe shi, kuma za su ce abin da na rubuta a baya ƙirƙira na yi. Ka faɗi abin da kake so. Za a mayar da kai aiki."

"Tambayata kake yi, ranka ya daɗe?"

"Tambayarka nake yi."

Ni a raina addu'a nake yi ya ce a'a. Ina so a rufe aikin, ina so a kira mutumin nan maƙaryaci a gaban jama'a, ya ɗanɗana zama da kalma ɗaya a wuya. Amma Baba ya fi ni sanin inda ciwonsa yake.

"Zan faɗa," ya ce. "Amma ba a nan ba. A ɗakin da ka tsayar da ni. Ka tara wanda duk yake wurin a ranar, har shugaba, har mai shara."

Dokta ya ce to.

Na raka shi ranar. Ya sa kaftaninsa fari, ya sa tabarau, ledar takardar a aljihun gaba. Mai gadi ya taso da gudu ya riƙe masa hannu biyu. Muka bi dogon barandar, muka wuce kwanar da bokiti ya faɗi, bai ko kalli wurin ba. Ɗakin ya cika, mutum ya kai talatin, wasu sun san dalilin taron wasu ba su sani ba. Dokta ya fara wani jawabi kan muhimmancin ilimin gargajiya da girmama dattawa. Baba ya bar shi ya kai aya, sannan ya zaro takardar ya miƙa masa.

"Karanta musu wannan, ranka ya daɗe. Da ƙarfi, kunnena ya fara nauyi."

Dokta ya gane takardar tun kafin ya buɗe. Ya dubi shugaba, shugaba ya dubi silin. Babu mafita, ya fara. Ya karanta kwanan wata, ya karanta layin farko da na biyu da sauri kamar mai shan magani. Ya shiga na uku: "An same ka da laifin zuba ɗanyen kashin shanu cikin akwatunan tana, kwana uku kafin kowane gwaji, kamar yadda ka amsa da bakinka…"

A nan muryarsa ta tsaya. Na ga idonsa ya koma farkon layin, ya sake bi a hankali, leɓɓansa suna motsi. Ɗalibar nan da ta zo gidanmu ta dafe baki da hannu. Wani daga baya ya ce, "Kai!"

"Ƙarasa," in ji Baba.

"…wanda hakan ƙazanta ce da ba ta dace da ɗakin gwaji ba."

"To, ka ji amsar tambayarka. Ba ganye, ba sassaƙe. Kai ka rubuta da hannunka, kuma na san akwai kwafi a durowarka. Ranar nan sau biyu na so in gaya maka dalili."

Dokta yana tsaye da takardar, zufa na bin wuyansa duk da na'urar sanyin da ya sa aka kafa. Na zuba masa ido ban ƙifta ba, domin shekara biyu nake jiran wannan fuskar, kuma ban ji tausayinsa ko na ƙwayar zarra ba. Mai shara kuwa ta jingina da tsintsiyarta, dariya take yi ba sauti, hawaye na zuba.

Shugaba ya yi gyaran murya ya ce an yi kuskure, za a janye takardar, a rubuta wata, kuma ƙofa a buɗe take in Baba yana son dawowa. Baba ya ce a rubuta, a kuma manna a allon sanarwa inda aka manna ta farko. Aiki kuwa ya gode, yana da garke a gida. Ya juya ga ɗalibar ya ce, "'Yata, ɗanye ake sawa, ba busasshe ba. Kwana uku. Ki zo gida in nuna miki yawan da ake zubawa, in ya yi yawa zafinsa kashe su yake yi." Sannan ya karɓi takardarsa daga hannun Dokta, ya ninke ta huɗu, ya mayar cikin leda.

Na ɗauka mun gama. Har mun kai ƙofa sai ya tsaya a bakin famfon da ya yi shekara ashirin da shida yana tsayawa. Kwalabe na kife a kan maratayi, an wanke ana jiran su bushe. Ya ɗauki ɗaya, ya tara mata ruwa, ya zubar, ya ɗaga ta ga hasken taga. Ɗigo-ɗigo suka maƙale a jikinta ko'ina. Ya koma da baya, ya ajiye ta kan tebur a gaban Dokta, a hankali don kada ta fashe.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "a sake wanke wannan. Da ƙazanta."